Ina So Mu Rage Nama a Gidana, Maigida Ya Ce Miya Ba Nama Ruwa Ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Jos. Mu bakwai ne a gida: ni da maigida, da Hajiya mahaifiyarsa, da yara huɗu, babbar shekararta 14, auta kuma 3. Kusan kullum sai an sayo mana nama kilo ɗaya, ban da tsire ko balangu da maigida ke shigowa da shi da dare. Wata biyu ke nan likita ya ce jininsa ya hau, ya rage nama da gishiri. Ni kuma wata rana na ga yadda ake sauke shanu daga mota, ana duka ana murɗe musu wutsiya, wata ma ta kasa tashi aka ja ta a ƙasa. Tun ranar naman kasuwa ya fita raina. Ina so ko dai mu daina ci gaba ɗaya, ko mu koma saye daga wurin da na san ana kula da dabbobi. Maigida ya ce miya ba nama ruwa ce, Hajiya kuma ta ce aƙidar Turawa na kwaso, in ba haka ba to rowa ce. Kuɗin cefane ba zai ƙaru ba. Yaya zan yi?

Maman yara huɗu, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki da alheri a kan tausayin da kika ji wa dabbar nan. Tausayinki yana kan hanya, kuma za ki ga cewa lafiyar maigida da halin da saniyar ta shiga magani ɗaya ne yake warkar da su.

Kada ki daina gaba ɗaya. Kina da yaro ɗan shekara 3 da ƙwaƙwalwarsa ke kan girma, da budurwa 'yar 14 da jikinta ke buƙatar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini sosai, ga kuma dattijuwa da tsokar jikinta ke raguwa da shekaru. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, ba a samunsa a wake ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. Sinadarin ƙarfe da ke cikin nama ma jiki ya fi saurin ɗaukarsa a kan na wake da alayyafo. Abin da ya dace da gidanki shi ne ki rage yawa, kuɗin da ya ragu ki sayi naman da kika san asalinsa.

Hajiya tana da gaskiyarta, amma rabi. Kiran a bar nama ya fi ƙarfi ne a ƙasashe irin su Amurka, inda abin da mutum ɗaya ke ci a shekara ya haura kilo 100. A Nijeriya in an raba wa kowa daidai, mutum ɗaya bai kai kilo 10 ba, yawancin gidaje ƙarin nama suke buƙata. To amma ki lissafa naki: kilo 7 a mako, kilo 364 a shekara, ki raba wa mutum bakwai, kowa ya tashi da kilo 52, tsiren dare bai ma shiga ciki ba. Kuma ke ma kin san ba daidai ake rabawa ba. Manyan yanka kwanon maigida suke tafiya, yara su sami ɗaya-ɗaya. Wato wanda likita ya ce ya rage shi ne ya fi kowa ci. Saboda haka ragin daga kwanon maigida da naki zai fara, rabon auta da na budurwa kada ki taɓa.

Ma'aunin da masu binciken cutar daji ke bayarwa ga baligi shi ne kada jan nama, wato na sa da rago da akuya, ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako. Giram 500 dafaffe kimanin giram 700 zuwa 750 ne ɗanye, kamar yanka biyu matsakaita a rana. A 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarin adanawa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanji, ya ce cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari. Sosej da naman gwangwani suna ciki, haka busasshen nama mai gishiri, dangin kilishinmu. Ga mai hawan jini kuwa, gishirin ya fi naman kansa zama abin tsoro. Abin da aka yarda wa baligi a rana bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin yajin tsire da magi. Nan ne mata da yawa ke yin kuskure: sun rage nama, miya ta yi lami, sai su ƙara magi biyu. An gudu ba a tsira ba. Daddawa, da busasshen kifi dakakke, da albasa da aka soya sannu a hankali har ta yi ja, da citta da tafarnuwa, su ne za su riƙe miki ɗanɗano.

Ki mayar da jan nama kilo 3 a mako, a kwana uku. Kwana biyu kifi ko kaza. Sauran biyun wake da ƙwai da awara. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 75 yana neman giram 60 ke nan. Ɗanyen wake giram 100 yana ba da kusan 23, ƙwai biyu 12, kofin kindirmo 8, gyaɗa cikin tafin hannu 7, tuwo da shinkafa da burodin yini su cike sauran har da rara. Faten wake, garau-garau, alala, ɗanwake da ƙwai, gwaten acca da gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, duk abincin gida ne, ba wanda zai ce daga Turai kika ɗauko. Abu biyu dai ki kiyaye. Ƙosai da awara a mai suke iyo, kada su zama na kullum ga maigida, alala da fate sun fi masa. Sannan a ranar wake kada a kora da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. A ba da tazarar awa ɗaya, a haɗa abincin da tumatir ko lemo ko gwaba. In likita ya taɓa ambaton ƙodar maigida, sai ki kai masa wannan tsarin ya duba kafin ki fara.

Yanzu sai maganar inda naman zai fito, kuma nan ne aikin yake.

Abin da kika gani a wajen sauke shanu yana bin naman har tukunya. Tsokar dabba tana ajiye wani sukari a cikinta. Bayan yanka sukarin nan yakan juye ya zama ɗan tsami, wanda ke sa nama ya yi laushi, ya yi launi mai haske, ya kuma jima bai lalace ba. Dabbar da ta kwana biyu a mota ba ruwa, aka sauke ta da sanda aka yanka nan take, ta ƙone sukarin tun tana raye. Namanta sai ya fito baƙi-baƙi, da tauri, yana manne wa hannu, ya yi saurin wari ko da a firij. Wurin da sanda ta sauka kuma jini yake kwanciya, mahaucin kirki yanke shi yake yi ya zubar. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a bar dabba ta huta awa 12 zuwa 24 bayan doguwar tafiya, da ruwa a gabanta. Ki gaya wa Hajiya cewa addini ya riga Turawa faɗin wannan: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautata yanka, a wasa wuƙa a hutar da abin yankan. Malamai sun hana wasa wuƙa a gaban dabba, da yanka wata a gaban wata, da fara fiɗa rai bai gama fita ba. Dabbar da ta kasa tashi kuwa, likitan dabbobi ne ya kamata ya fara duba ta kafin wuƙa ta kusance ta.

Sai dai kada kalmar "na gida" ko "daga gona" ta ruɗe ki. Akuyar unguwa da ke yini a bola tana cin leda ita ma ta gida ce, mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbi. Fiƙihu ma yana da babin dabbar da ta saba cin ƙazanta, ana killace ta a ba ta abinci mai tsabta kafin a ci, kaza kwana uku. Ƙaramin mai kiwon kaji da ba ya tuntuɓar likita sau da yawa ya fi babbar gona zuba magani barkatai, don tsoron asara. Kusanci amfaninsa ɗaya ne: kina iya zuwa ki gani, ki yi tambaya.

Babbar tambayar ita ce ta magani. Kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba dabba yana da kwanakin jira rubuce a jikin kwalba ko leda, wato kwanakin da za a bari bayan an gama ba da shi kafin a yanka, ko a sha nonon, ko a ci ƙwan. Allurar oksitetrasaiklin mai jimawa a jiki, wadda makiyaya da masu turke ke yawan yi, jiranta mako uku zuwa huɗu ne, wata ma ta fi. Magungunan da ake zuba wa kaji a ruwa kuma daga kwanaki kaɗan zuwa sama da mako. Abin da ke faruwa shi ne dabba ta fara ciwo, a yi mata allura, a ga ba sauƙi, a garzaya da ita kasuwa kafin ta mutu. Dahuwa ba ta kawar da ragowar maganin duka. Illarsa ba a ranar take bayyana ba. A hankali ƙwayoyin cuta ke sabawa da maganin, har ranar da yaro zai kwanta a ba shi irinsa ya ƙi ji.

Wata magana da ke yawo ita ce wai kajin gidan gona allurar girma ake yi musu. Ba haka ba ne. Irinsu ne aka zaɓo shekara da shekaru don saurin girma, ga abinci mai ƙarfi, shi ya sa suke kai yanka a mako shida zuwa takwas. Matsalarsu ta gaskiya cunkoso ne da magani. In kin je gonar kaji, ga abin dubawa. Mai gonar da ya san aikinsa ba zai bar ki ki shiga ɗakin kajin ba, za ki ga ruwan magani a bakin ƙofa na tsoma takalmi. Wannan alamar kirki ce, don tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006 masu kiwon Filato suka san abin da baƙon takalmi ke jawowa. Ki tsaya daga waje ki leƙa. In warin kashi ya sa idonki yaji, to kajin a cikinsa suke kwana, huhunsu yana ciwo, magani ba zai yanke musu ba. Shimfiɗar ƙasa ta zama busasshiya. Manyan kaji kada su wuce kamar goma a murabba'in mita ɗaya, su iya tashi su taka zuwa wurin ruwa. Ki tambaye shi wane likita ne ke zuwa masa, yaushe ya yi wa kajin rigakafin nan biyu da ake kira Gumboro da Lasota, wane magani ya ba su a ƙarshe, ran nawa ga wata. Mai littafin rubutu zai buɗe miki. Sannan ki tambaya ina yake kai waɗanda suka mutu. Amsar da ake so ita ce binnewa ko ƙonewa. Wanda ya fara kame-kame a wannan tambayar, ki yi masa sallama.

A nan mutanen Jos sun yi dace. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da Jos, tun 1924, a can ake yin wasu daga cikin alluran rigakafin nan, kuma Jos cike yake da likitocin dabbobi da gidajen kaji. Likita ɗaya da ke zagaya gonaki zai iya nuna miki masu kiwo biyu ko uku da ke bin ƙa'ida, ya rage miki yawo. In kuma za a fita ƙauye, a tafi da rana tare da wanda ya san wurin, a fara tambayar halin da hanya take ciki.

In kina son kaza mai ɗanɗano wadda ta yi yawo, akwai kajin Hausa masu kai wata biyar zuwa shida, da Noiler, irin da ke tsakanin kajin Hausa da na gidan gona, da zabbi. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ki saye su da rai, ki killace su mako ɗaya zuwa kwana goma da dawa da dusa da ruwa mai tsabta, nesa da kajin gida in kuna da su. Wadda ta zo da ciwo za ta nuna a kwanakin nan, yawancin magani kuma ya fita. Ƙwai ma ki ɗauki kiret daga gona ɗaya da kika sani, ki yi masa irin tambayar nan, don maganin da aka ba kaza yana sauka cikin ƙwanta.

Naman sa kuwa, hanyar da ta fi dacewa da aljihunki tsohuwar al'adarmu ce, watanda. Sa mai nauyin kilo 300 da rai yana ba da kusan rabin haka nama da ƙashi, kimanin kilo 150, ban da kai da ƙafa da kayan ciki da fata. Gida 12 in sun haɗu, kowa ya tashi da kilo 12 da ɗoriya, wato cefanenki na wata guda a sabon tsari. Rago mai kilo 40 yana ba da 18 zuwa 20, ya ishi gida biyu ko uku. Kafin a saya a haɗa lissafi duka: kuɗin sa, la'adar dillali, mota, kuɗin kwata, ladan mahauci, a cire kuɗin fata, a raba da kilon da ake sa rai, a gwada da farashin kasuwa. Lokaci ma yana da tasiri. A ƙarshen rani shanun kiwo sun rame, ƙashi za ku saya. Bayan damina zuwa kaka suke cika. Gab da Babbar Sallah da Kirsimeti kuma farashi tashi yake yi.

Ko a rugar da aka sani za a saya, ko wajen mai turke, ko a 'Yan Shanu, a tafi da wanda ya san dabba. Lafiyayyen sa hancinsa da danshi, yana tuƙa, gashinsa a kwance yana sheƙi, ba tari, ba zawo a wutsiya. A buɗe fatar ido: in ta yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa alamar tsutsar ciki ce ko ta hanta. A shafa wuya da cinya, kumburi mai tauri yana iya zama wurin sabuwar allura. Haƙora suna faɗin shekaru: manyan haƙora biyu a gaba, sa ya kai wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi. Mai manyan haƙora biyu zuwa huɗu ya fi laushi, wanda haƙoransa suka cinye sai gawayi mai yawa. In mace ce a tabbatar ba ta da ciki. Mafi kwanciyar hankali shi ne a saya a bar shi a turke mako uku zuwa huɗu da harawa da dusa a hannun wanda kuka yarda da shi, kun san ba allurar da ta rage a jikinsa. A daina ba shi abinci kamar awa 12 kafin yanka, ruwa kuwa kada a ɗauke.

A kai shi kwatar da likitan dabbobi ke dubawa, mutum ɗaya daga cikinku ya tsaya daga saukewa har rabo. Dubawar nan ita ce abin da yankan bayan gida ba shi da shi. Ana tsaga hanta: in hanyoyin ɗaci sun yi kauri sun yi fari, ga tsutsa mai kamar ganye, a zubar da hantar. Huhu mai ƙulli-ƙulli, in an yanka ka ga abu mai ruwan ɗorawa kamar cuku ko mai tsakuwa-tsakuwa, tarin fuka ne na shanu, yana kama mutum, likita ne zai yanke hukunci a kan sauran naman. Farin ƙwayoyi kamar shinkafa a harshe ko zuciya ko kumatu 'ya'yan tsutsar ciki ne. Kitse mai ruwan ɗorawa kaɗai ba aibu ba ne, dabbar da ta ci ciyawa ko ta manyanta haka kitsenta yake, amma in har jijiya da fatar ciki duk sun rine, ciwon shawara ne. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ko taɓa ta kada a yi, a kira likita. Alamar cutar antaraks ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Kai da ƙafa da ganda kuma a babbake su da itace ko gas. Hayaƙin taya yana barin guba a fata, wanki ba ya fitar da ita.

Watanda ba a wajen saye take lalacewa ba, a wajen rabo ne. A karɓi kuɗin kowa kafin a je kasuwa. A yi rabo da sikeli, kowane kashi ya sami tsoka da ƙashi da kitse da kayan ciki, sannan a jefa ƙuri'a. A kuma yi magana tun farko: in likita ya ce a zubar da wani sashe, asarar ta kowa ce.

Kilo 12 a rana ɗaya yana son shiri. Kayan ciki a ci su a ranar ko washegari. Sauran ki raba a leda rabin kilo-rabin kilo, ki baje su su yi faɗi don su daskare da wuri, ranar girki ki ciro ɗaya tak. Narkar da babban dunƙule a yanka a mayar shi ne ke lalata nama. A firij ɗanyen nama kwana uku zuwa biyar yake yi, kaza da niƙaƙƙe ɗaya zuwa biyu. In an ɗauke wuta, cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi kuma 24, don haka ki cike gurbin da robobin ruwa. In wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, ki ɗauki rabin kashi, ko ki yi yadda ake yi wa naman layya: ki tafasa, ki soya ya bushe sosai, amma ki sassauta gishiri.

In watandar ba ta haɗu ba, ki riƙe mahauci ɗaya. A je masa da sassafe, lokacin da naman ya fito daga kwata. A zaɓi wanda ke rataye namansa ko yake rufe shi, wanda naman ba ya ɗigar ruwa, in an danna da yatsa ya dawo. Mahaucin da ya san kullum ke ce, ya kuma san kina tambayar inda aka yanka, ba ya ajiye miki na jiya.

Tunda wake da gyaɗa za su yawaita a tukunyarki, su ma suna da nasu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari, irin fiya-fiya da wasu ke zubawa a buhu. Ki shinshina kafin ki saya. Wake mai 'yan huji ya fi mai warin magani. Ki sayi na shekara a kaka, ki shanya ya bushe ƙarau, ki cika jarka har baki ki toshe, ko ki sa a buhun PICS mai ruɓi uku, ƙwarin za su mutu don rashin iska. Gyaɗa ki tsince wadda ta yi fumfuna ko ta yamutse ko take ɗaci, gubar da ke cikinta tana cutar da hanta kuma suya ba ta kashe ta. Nono a tabbatar an tafasa shi, saboda tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Kayan lambu kuwa, kasuwar Farin Gada na nan, dankali na zuwa daga Bokkos da Mangu. In kin sami mai lambu na kanki, ki tambaye shi ruwan da yake ban ruwa da shi, da ranar da ya yi feshin ƙarshe.

Saura mutanen gida. Kada ki tara su ki yi sanarwar an rage nama, ranar za a fara ƙirga yanka. Ki fara da kwana ɗaya na wake a makon farko, ki yi shi da daɗi, mako na biyu ki ƙara ranar kifi. Yankan miya ki ƙanƙanta su, wani lokacin ki yi dambun nama ko ki daka ki zuba a miyar kuka, rabin kilo ya ratsa tukunya duka. Maigida ki ba shi maganar watanda, harkar maza ce, zai ji daɗin haɗa abokansa da zuwa kasuwar shanu, kuma wanda ya tsaya a kan sansa aka yanka ba ya komawa tsiren bakin titi da irin sha'awar da. Tsiren ma kada ki ce ya bari, ku mayar da shi na ranar Juma'a, wanda bai ƙone ba, yaji kaɗan. Hajiya kada yankanta ya ragu, ki dafa mata shi luguf. Ki tambaye ta yadda suke miya a ƙuruciyarta, sau nawa suke ganin nama a mako, ki roƙe ta ta nuna miki hannunta a daddawa da kuka. Kwanon baƙo kuma ya fita yadda ya saba, don daga can ake fara kiran mace marowaciya.

Maigida ya ci gaba da shan maganinsa ko da ya ji sauƙi, canjin abinci taimako yake yi wa magani. A riƙa auna jininsa sau biyu a mako da safe kafin karin kumallo, a rubuta a takarda da kwanan wata, ya tafi da ita ranar komawa asibiti.